Lambar Sirrina Tana Hannun Mai Askin Karnuka

Ranar Litinin da ta wuce na tashi da sassafe, na yi aski, na saka rigar da nake zuwa biki da ita, don kawai in zauna a teburin kicin in biya kuɗin wuta. Kada ku yi dariya tukuna. Ranar ce na cika shekara uku da kwana ɗaya cif a jerin waɗanda doka ta ce bashi ya karya su, wato ranar fitata daga jerin. Wannan kwana ɗayan da aka ɗora a kai, ban san wanda ya ƙirƙiro shi ba, amma ina jinjina masa. Mutum ne da ba ya son talaka ya yi gaggawar murna.

Ga waɗanda ba su san ni ba, shekara ashirin da shida na yi ina shimfiɗa tayil a nan garin Whyalla. Wani ɗan kwangila ya sa na yi masa banɗakin gidaje goma sha takwas, ya tattara ya ɓace, ya bar ni da bashin kaya. Aka karɓe sabuwar mota, aka soke katin bashi, aka yanke layin wayar shago. Abin da aka bar mini shi ne tsohuwar a-kori-kura, da kayan aiki, da matata Noeleen, wadda ta ce ita ma da an yi mata kuɗi mai kyau da ta yi tunani.

Aka kuma naɗa mini mai kula da aljihuna, wani Mai Girma a can birni wanda ban taɓa ganin fuskarsa ba. Allah ya ƙara masa basira, ya taɓa aiko mini da wasiƙa mai shafi tara yana tambayar inda dala arba'in ta shiga. Kuɗin ruwa na biya, ranka ya daɗe.

Duk shekarun nan a kanti nake biyan kuɗin wuta, hannu da hannu. Kamfanin yakan ɗora mini dala uku saboda na zo da ƙafata, da dala biyu saboda ya aiko da takarda, alhali mai katin bashi ragi ake yi masa. Wato a ƙasar nan sai kana da hali kake samun wuta da araha. Ban yi ƙorafi ba. To watan jiya sai suka ce sun daina karɓa a kanti gaba ɗaya, kowa ya koma intanet. Sanarwar ma a wani ɗan littafi mai sheƙi ta zo, shafi goma sha biyu, yana yi mana nasiha a kan ɓarnar takarda. Bayansa jar wasiƙa ta biyo: dala ɗari huɗu da goma sha biyu kafin Laraba, ko a yanke.

A watan Janairu fa muke, tsakiyar bazara a ƙasar nan, zafi ya kai digiri arba'in da uku, kwalta har danƙo take yi. Allurar ciwon sukarin Noeleen kuma a firji take kwana. Kuɗin suna nan a asusuna, na tara su dala-dala. Abin da ya rage kawai a yarda a karɓa.

Na buɗe shafin, na rubuta sunana. Ya ce madalla, ya aika lambar sirri zuwa wayata mai ƙarewa da 417. Layin shago ke nan, wanda aka yanke tun shekara uku. Na danna inda aka ce sauya lambar waya. Ya ce babu damuwa, in fara shiga tukuna. In shiga da me? Da lambar da ya aika wa 417.

Noeleen ta leƙo ta kafaɗata. "Des, ka biya?"

"Ana kai."

"Haka ka ce lokacin ɗan kwangila."

Na kira kamfanin. Wata murya ta shaida mini cewa kirana yana da matuƙar muhimmanci a wurinsu, ta kuma maimaita mini hakan har minti hamsin, kada in manta. Daga ƙarshe wani saurayi mai ladabi ya ɗauka.

Na ce, "Ɗana, kuɗi nake so in ba ku."

"To yallaɓai, sai na tabbatar kai ne. Zan turo maka lamba."

"Ina za ka turo ta?"

"Wayarka mai ƙarewa da 417."

"Wannan layin ya mutu. Amma tsaya in tambaye ka. A ce ba ni ba ne. A ce wani ɓarawo ne ya kira yana so ya biya mini kuɗin wuta. Mene ne laifinsa? Ku bar shi mana!"

Ya yi dariya, sannan ya tuna ana naɗar maganarmu, ya haɗiye ta. Ya ce in je sabuwar Cibiyar Taimakon Jama'a da suka buɗe a cikin gari.

Na san wurin, don ina nan aka buɗe shi. Manya uku suka zo daga birni a jirgi, har da Mai Girma Shugaban Sashen Jin Daɗin Abokan Ciniki, aka yanka ƙyalle da almakashi mai ruwan zinariya, aka ci kek, aka yi alkawarin daga yau wahala ta ƙare. Na je na tarar da ɗaki mai sanyin gaske, kujeru masu laushi, furen roba, babu ɗan Adam ko ɗaya. Sai wani allo a jikin bango. Na taɓa shi, ya yi mini maraba, ya buɗe mini shafin nan dai da na baro a kicin. Na zauna na sha sanyin minti ashirin, tunda da kuɗinmu aka saya, na dawo gida.

Maƙwabcina Merv Tuckwell, tsohon direban jirgin ƙasa, yana ba tumatirinsa ruwa. Ya dube ni ta saman shinge.

"Kai kuma wa ya mutu ka sa wannan rigar?"

Na kwashe labari na faɗa masa. Ya kashe famfo, ya goge hannu a wando.

"To ka kira lambar mana."

"Wace lamba?"

"Taka ta dā, sarkin wayo. Kana tsammanin binne ta suka yi? Sun sayar wa wani."

Shekara uku ina gaishe da Merv a matsayin mutumin da tumatir kaɗai ya sani. Na nemi afuwarsa a zuci, na danna lambar. Ta yi ƙara sau biyu, aka ɗauka. Ta bayan mai maganar ina jin haushin karnuka da ƙugin injin busar da gashi.

Na ce, "Baiwar Allah, yi haƙuri, ba ki san ni ba. Sunana Des Halloran, wannan layin a dā..."

"Des!" Ta yi ihu har sai da na janye wayar daga kunne. "Kai ne Des! Glenys, kashe injin nan, ga Des ya kira da kansa!"

Sunanta Raelene, tana wanke karnuka da yi musu aski a garin Port Augusta. Ashe shekara biyu da rabi tana amsa kiran masu nemana. Ta san mai siminti, ta san mutumin banki da ya yi ta kira har suka saba, ta san wata tsohuwa da ke son a gyara mata tayil ɗin da ya fashe a bayan murhu.

Ta ce, "Da farko zagin su nake yi. Daga baya na fara kāre ka. Na ce wa na bankin, mutumin da tsofaffi ke nema haka ba macuci ba ne. Yaya ka ƙare da su?"

"Yau na fita daga jerin karyayyu."

"Kai, barka! To yau tun safe lambobi ke ta shigo mini, har guda bakwai."

"Su na biyo. Zan sa a turo ta takwas."

"Tsaya. An rubuta kada in faɗa wa kowa fa. Ta yaya zan san kai ne?"

Na ce a raina shi ke nan, ita ma ta shiga aikin kamfani.

Ta ce, "Tsohuwar nan mai murhu, yaya sunan kyanwarta?"

"Biskit. Ta taɓa yi mini fitsari a bokitin siminti."

"Kai ne. Turo."

Jama'a, a cikin daƙiƙa goma mai askin karnuka ta yi binciken da ya gagari kamfani mai hawa ashirin. Ta karanto lambar, na shiga, na sauya waya, na biya da katin asusuna. Shafin ya yi ta juya wani ɗan da'ira, ni da Noeleen mun ƙura masa ido, sannan ya rubuta an karɓa. Noeleen ta buɗe firji ta rufe, ba don tana neman komai ba. Ta ce in cire rigar kafin in ɓata ta.

Raelene ta ba ni lambar tsohuwar, na kira, ranar Alhamis zan je in duba murhun. Aikina na farko ke nan da ba sai na yi wa wani Mai Girma bayaninsa ba. Merv kuma ya ce ladan shawararsa kwalba biyu ne masu sanyi, kuma ba ya karɓa ta intanet.

Jiya kamfanin ya aiko mini da saƙo. Sun ɗora mini tarar dala goma sha biyar ta jinkiri, amma sun taya ni murnar rungumar zamani, har da hoton wata bishiya da suka ce na ceto da na daina karɓar takarda. Na gode, ranku ya daɗe. Roƙona ɗaya ne: a taimaka a faɗa mini inda bishiyar take. In wata rana aka yanke wutar, in san inuwar da zan kai kujerata, tunda tawa ce.