Ku Dawo Mana da Ɓawonmu

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Kamfanin Hasken Tsauni na Fitar da Gahawa, uban manoma, garkuwar talakawa, wanda hotonsa ke rataye a kalandar kowane gida a ƙauyenmu, Allah ya ja zamaninka.

Bayan gaisuwa irin wadda ta dace da mutumin da bai taɓa hawa tsauninmu da ƙafa ba, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da na'urar sanyaya ofishinka. Sunana Nuriya 'yar Hizam, tsohuwar malamar makaranta, matar marigayi Sinan. Ina riƙe da gonar gahawa da mijina ya bari a Baitul Sinan, cikin tsaunukan Haraz. Na zaɓi jarida ne don na ji ana cewa ita kaɗai kake karantawa, idan akwai hotonka.

Ranka ya daɗe, tun kakanninmu rabon a bayyane yake. A tsinko 'ya'yan gahawa, a shanya a saman soro, a ɓarza a dutsen niƙa. Ƙwaya ta maza ce, su sayar. Ɓawo na mata ne. Da shi muke dafa shayinmu na kishir, da citta da kirfa, mu sha da safe, mu ba baƙo, mu cika tuluna ranar suna da ranar makoki. Wanda ya ragu mu kai kasuwa mu sayi abin da ba sai mun roƙi kowa ba. Duniya ta sha ƙwaya, mu mun yarda da ɓawo, kuma ba mu taɓa kai ƙara ba. Bara kamfaninka ya zo ya ce zai riƙa sayen 'ya'yan gahawa ɗungurungum, ya ɓarza a birni da inji. Ga koke-kokena.

Na farko, ina jinjina wa hikimar wakilinka, Malam Daifallah, wajen zaɓen lokacin taro. Ya tara maza bayan azahar, a zauren da suke tauna ganyen kat mai sa maye, lokacin da kumatu ya cika kuma kowane namiji ke jin zai iya gyara duniya kafin magariba. A irin wannan sa'a ko tsaunin ka ce su sayar maka, za su ƙara maka da kwarin kyauta. Ya tambaye su ko suna bukatar ɓawon. Suka dubi juna suka ce ai shara ce. Allah ya ba ka nasara, waɗannan bayin Allah kullum sai sun sha kishir, amma babu wanda ya taɓa tambayar daga ina yake fitowa. A tunaninsu tulun ne ke haifarsa. Shin a makarantar da wakilinka ya yi ba a koya masa cewa mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo ba? Ko ƙofar kicin ce ta yi masa ƙunci?

Na biyu, na gode da huluna. Kowane magidanci ya sami hula mai tambarin kamfani. Na gwada dafa ta ƙanin mijina da citta, ba ta ba da launi ba.

Na uku, kuma a nan nake roƙon ka gyara zama. Watan jiya aka yi rasuwa a gidan maƙwabciyata Takiyya. Mata suka cika ɗaki, babu ɓawo ko na magani a duk ƙauyen, sai aka fito da shayin leda mai igiya. Gwaggo Ganiya, wadda ta girmi kowa a garin kuma ba ta taɓa haɗiye magana ba, ta ɗaga igiyar sama ta ce, "Ke Takiyya, wannan ɓeran da kika jiƙa mana, shi ma gaisuwarsa za mu yi?" Takiyya ta fashe da kuka, kuma na rantse maka ba na mamacin ba ne. Mijinta yana tsakar gida da hularka a ka.

Na huɗu, ɗan 'yar'uwata da ke karatu a Jamus ya turo mini hoton wani gwangwani mai kyau. A ciki ɓawonmu ne. A jiki an rubuta cewa sirrin tsoffin matan tsauni ne, ga kuma hoton hannuwa biyu masu lalle. Na gane zoben. Hannuwana ne, ranka ya daɗe. Na karanta littattafan tarihi da yawa, na ga yadda aka kwashe wa mutane zinariya da hauren giwa, amma ban taɓa cin karo da wanda ya kwashe shara ya sayar da ita tare da hannun mai sharar ba. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. Ina taya ka murnar shiga tarihi.

Na manta lambar da nake, don haka ga maganar da ta sa na ɗauki alƙalami. Ka san abin da ya hana a sare itatuwan gahawa a tsauninmu a dasa kat? Ba kalandarka ba ce. Gahawa sau ɗaya take haihuwa a shekara, kat kuwa ana tsinka ana sake tsinka, kuma mai saye har gona yake zuwa. Duk namijin da ke nan ya daɗe da yin wannan lissafi. Mu mata ne muke tsayawa tsakanin gatari da itace, saboda muna da rabo a jikinsa. Ƙanin mijina Mukbil, wanda muka yi tarayya a gonar, ya wasa gatarinsa tun kafin a share makokin yayansa. Kullum ina korarsa. Shekaranjiya ya tsaya a ƙofa yana murmushi ya ce, "Matar yaya, yanzu kuma me kike karewa? Ko ɓawon ma ba naki ba ne. Gadi kike wa mutanen birni kyauta, ko hula ba su ba ki ba."

Itatuwan nan kakan mijina ya dasa su, ya ɗauko ƙasarsu a kwando daga kwari. Ba na so a sare su. Amma Mukbil ya ce da an gama tsinkar bana zai shiga gonar, kuma ba ni da sauran hujjar da zan tare shi da ita. Takiyya ta riga ta ce wa mijinta ya yi yadda ya ga dama.

Ba mu nemi a ƙara farashi ba, mun san zuciyarka ba za ta ɗauka ba. Motocin da ke sauka da gahawa wayam suke hawowa. A loda musu ɓawonmu a buhu kafin tsinka ta ƙare. Idan kuwa hakan ya fi ƙarfin kamfani, ba komai, zan kauce daga ƙofar gona. In Allah ya kai mu, damin kat na farko da za a yanka a inda gahawarka take, kai zan aika wa kyauta, ka liƙa masa hoton hannun Mukbil.

Taka mai biyayya, wadda ke durƙushe har sai gwiwa ta gaji,

Nuriya 'yar Hizam
Baitul Sinan, Haraz