Ranar da Na Shimfiɗa Gado a Cikin Sito

Ba zan taɓa mantawa da wata Laraba ba, ranar da na kusa rasa shaguna shida, babban sito ɗaya, da wahalar shekara goma sha ɗaya ta bin ƙauyuka ina awon hatsi, duk a kan filin da bai wuce tsayuwar babbar mota guda ba. Ni dillalin hatsi ne. Da tiya ɗaya da buhunan aro na fara a kasuwar Kusada, har Allah ya kai ni ga sayen fili a bakin titi a Kankiya. Mutane suna cewa ina da wayo, ni ma kuma, in faɗi gaskiya, na daɗe da yarda da su.

Da na tashi yin gini, aka ce sai na je ofishin masu tsara gari na karɓi takardar izini. Na je. Na tarar da wata injiniya mai suna Bilkisu, yarinya sa'ar ɗiyata ta fari, mai magana a hankali kamar ba ta son ta tashi mai barci. Ban ce ginin nawa ne ba. Na ce wani abokina ne ya aiko ni in tambayar masa (duk dillali yana da irin wannan abokin, wanda ba a taɓa ganin fuskarsa).

Ta ce, “Baba Alhaji, ya danganta da abin da abokin naka zai yi da ginin. Kowane gini da irin filin motar da ake so ya bari a cikin harabarsa. In gidan zama ne, wurin motar masu gida ya isa. In shaguna ne, sai an bar wa masu sayayya inda za su tsaya. In kuwa sito ne, dole babbar mota ta samu inda za ta shiga ta sauke kaya ba tare da ta tare titi ba.”

Na ce, “To in titin yana da faɗi fa?”

Ta yi murmushi. “Titin ai na jama'a ne, Baba. Ba na abokinka ba ne.”

Daga ofishin nan filina na wuce. Na auna shi da ƙafa, na koma na sake aunawa. Duk yadda na juya, filin gingimari sai ya cinye shaguna biyu na gaba, waɗanda suka fi kallon titi, waɗanda tun ba a aza tubali ba wani mai sayar da taki ya fara yi mini gaisuwar da ta wuce ta da. Sai wayon nan ya motsa. Na samu mai zanen gini na ce ya zana mini ɗakuna shida da babban falo a baya, ya bar ɗan lungu a tsakiya wanda ƙaramar mota ɗaya za ta shiga, ya rubuta a sama cewa gidan zama ne. Ya dube ni ya ce, “Alhaji, falo mai ƙofar ƙarfe irin wannan?” Na ce iyalina suna son iska.

Takarda ta fito, gini ya tashi. Kaka na yi na fara zuba kaya a “falon”, masara da dawa da gyaɗa, ina jin daɗin raina. Sai ga saƙo daga ofis: ranar Laraba da hantsi za a zo a duba ko ginin ya yi daidai da zane kafin a ba ni takardar ƙarshe. Wanda ya kawo saƙon ya ƙara da cewa in aka tarar an yi ƙarya, jan fenti ake shafa wa bango. Duk wanda ya taɓa ganin jan fentin nan a jikin gini ya san abin da ke biyo bayansa.

Na koma gida na samu uwargidana, Hajiya Indo, tana tankaɗe. Na ce ta ara mini gado ɗaya, labule, zannuwan gado, tukwane uku da filas ɗin shayi, kuma in da hali ta zo ta zauna a can ranar Laraba kamar matar gida.

Ta ajiye rariya. “Kamar matar gida? To ni mece ce a nan?”

“Hajiya, na awa biyu ne kawai.”

“Kaya dai zan ara maka, don da kuɗinka aka saye su. Amma ƙaryar taka ce, kai za ka zauna da ita. Kuma zanin gadon nan mai fure, in ya dawo yana warin gyaɗa, ka san inda ake sayar da sabo.”

Ranar Talata na yi aikin da ban taɓa yi wa gidana na gaskiya ba. Na sa aka jera buhuna a jikin bango aka lulluɓe su da zannuwa, suka zama kamar kujerun zama. Na kafa gado a kusurwa. Babban sikelin awo, wanda ƙato huɗu ba sa iya ɗaga shi, na rufe shi da mayafin tebur na ɗora filas da kofuna a kai. Na rataye labule a jikin bangon da babu taga. Sannan na kira Ila, direban gingimarin da ke ɗauko mini kaya daga Kunduru, na ce masa gyaɗar da zai kawo mini sai Alhamis. Ya ce to.

Wayo na ƙarshe, wanda a lokacin na fi alfahari da shi, shi ne kashe wayata da safiyar Laraba, don kada wani ya kira ni a gaban injiniya yana tambayar farashin dawa. Na manta cewa shekara da shekaru ni ne nake yi wa direbobi huɗuba cewa duk wanda ya iso da kaya kafin lokaci yana da goro na musamman. Ila kuwa ɗalibi ne mai riƙe karatu.

Da hantsi Injiniya Bilkisu ta iso a ƙaramar motar ofis, ta shigar da ita cikin ɗan lungun nan, ta fito da takardu a hannu. Na tarbe ta cikin sabuwar babbar riga fara.

“Ashe abokin naka kai ya bar wa gidan, Baba?” in ji ta.

Na yi wata 'yar dariya wadda ni kaina ban san ina da ita ba. Muka shiga. Ta dubi gadon, ta dubi labulen, ta ɗaga shi ta ga bango, ta mayar da shi a hankali. Ta tambayi inda kicin yake. Na nuna mata tukwane uku a ƙasa. Ta tambayi banɗaki. Na ce yana cikin shiri. Na ce ta zauna ta sha shayi, ta zauna a kan “kujera”, masara ta yi ƙara a ƙarƙashinta. Ta ci gaba da rubutunta. Har na fara gaya wa kaina cewa yarinyar nan karatun boko ne kawai, ba ta san warin sito ba.

Sai na ji hon.

Duk Kankiya babu mai irin hon ɗin nan sai motar Ila. Kafin in kai ƙofa, gingimari ta tsaya daidai bakin lungun, rabinta a kan titi, ta toshe motar ofis ruf. Ila ya kashe injin ya diro, ya shigo yana kaɗe hula, muryarsa kamar ta mai shela.

“Alhaji! Tun asuba nike kiranka, waya a kashe! Manoma sun gama ɗauri da wuri, na ce mi za ni jira? Buhu ɗari da ashirin, gyaɗar Kunduru zalla. A buɗe sito, kuma a shirya goro!”

Sai idonsa ya sauka a kan gado. Ya dubi labule, ya dubi filas, ya dubi babbar rigata, sannan ya dubi injiniya zaune cikin hijabinta. Fuskarsa ta washe. Ya rusuna.

“Kai, Alhaji! Shi ne ba gayyata? Allah ya sanya alheri, amarya. Amma Alhaji, duk gidajen garin nan, a sito za ka aje ta?”

Na taɓa faɗuwa daga kan lodin buhuna a gaban 'yan kasuwa. Na taɓa sayen dawa mai rabin tsakuwa a hannun tsohon da na raina. Babu wanda ya kai wannan. Injiniya ta miƙe, ta gyara takardunta, ta ce, “Malam direba, ni daga ofishin tsara gari nake. Don Allah matsar da motarka in fita.”

Ila ya sosa ƙeya. “Ranki ya daɗe, a yi haƙuri. Motar ba ta da kik, turawa ake. Kuma da lodi ko mutum talatin ba su motsa ta. Sai an sauke.”

(Kullum a kunne yake barin ta. Ranar ce kawai ya tuna gas ya yi tsada.)

Wato ba yadda za a yi injiniya ta bar wurin sai an kwashe buhu ɗari da ashirin an shigar da su “gidan zamana”, a gaban idonta. Ta fita ta zauna a bencin mai shayin da ke tsallaken titi. Na aika aka kira 'yan dako, suka zo su shida, suka fara jido. Na farko ya shiga da buhu a ka, ya tsaya, ya ɗaga murya yadda har tsallake za a ji: “Alhaji, a gefen gado ko a kan gado?” Wani ya yaye mayafin tebur ya miƙo mini filas, don sai an auna kowane buhu. Na tsaya a ƙofa rungume da filas kamar mai jego.

A waje kuwa titi ya cushe. Hannu ɗaya ya rage, na gabas da na yamma kowa ya ce shi zai fara wucewa. Motar haya ta Kusada cike da fasinja ta maƙale, 'yan acaɓa suna bi ta kan kwalbati, wata Bafulatana mai tallan nono ta sauke ƙwaryarta tana faɗa don an kusa ture ta. Wani dattijo ya leƙo ta tagar mota ya ce, “Wane marar tunani ne ya gina sito ba wurin tsayuwar mota?” Mai shayi, wanda kullum nake sha a wurinsa, ya nuna ni da ludayi.

Kusan awa biyu aka yi. Da aka sauke buhu na ƙarshe, aka nemi masu turi, hannu bai isa ba. Na naɗe babbar riga na sa kafaɗa. Motar ta yi tari sau biyu, ta tashi, ta feso mini baƙin hayaƙi tun daga hula har takalmi. Jama'a suka yi tafi. Ban san ko motar suke tafa wa ba.

Haka na tsallaka wurin injiniya. Na riga na ga jan fentin a zuciyata, har na fara tunanin inda zan kwashe kaya. Na ce, “Ɗiyata, babu wani aboki. Ni ne. Sito ne da shaguna, kuma da gangan na rubuta gida.”

Ta ce, “Na sani, Baba. Tun daga ƙofar ƙarfen na sani. Ina jira ne in ga ko za ka faɗa da bakinka.” Ta nuna titin da motoci ke ta warwarewa. “Babu wanda ya hana ka yin sito. Sito alheri ne ga gari. Abin da aka ce shi ne kada ka ajiye motarka a tsakar gidan mutane. Yau mai nono ce da fasinja. Da mai naƙuda ce a cikin motar can fa?”

Wannan maganar kam babu ciniki a cikinta.

Ta ce rahoto dai sai ta rubuta abin da ta gani, amma za ta rubuta har da cewa na amsa laifina. In kawo sabon zane mai faɗin gaskiya, in biya tara, in rushe shaguna biyu na gaba da hannuna a mayar da wurin filin sauke kaya, kuma kada babbar mota ta sake tsayawa a nan sai an gama. In na yi haka, sauran ginin zai tsaya.

Shaguna biyun da na yi duk wannan wasan don su, a lokacin ji na yi kamar kyauta aka yi mini da aka ce su kaɗai za su tafi. Na yi ta godiya har ta shiga mota. Ta sauke gilashi ta ce, “Baba, ka gaida Hajiya. Zanin gadonta yana da kyau.”

Wata biyu bayan nan na karɓi takardar ƙarshe. Ga yadda abin ya tashi. Na rasa shaguna biyu, na biya tara, babbar riga ta koma ta zuwa gona, kuma har yau 'yan dakon Kankiya “Ango” suke kirana, ina amsawa don in na ƙi abin ƙaruwa yake. Na tsira da shaguna huɗu da sito, da takardar da ba na jin tsoron a karanta ta a gabana. Gingimari tana shiga ta juya ta fita ba wanda ya zage ni, har direbobin da ba nawa ba sun fara kawo mini kaya don a wurina ne ba sa faɗa da kowa. In aka haɗa aka cire, riba na ci, sai dai ba wayona ya ciyo ta ba. Shi wayon, a duk wannan ciniki, shi kaɗai ne kayan da na saya da tsada na rasa wanda zan sayar wa.