Gumurzun Mudi da Bushiyar Teku

Da sunan Allah muke farawa, wanda ya halicci tudu ya halicci teku, ya kuma nisanta su da juna don rahama ga mutanen Ƙauran Namoda. Bayan haka, wannan shi ne tarihin sadauki ɗan sadaukai, Malam Mudi ɗan Barau ɗan Jatau Sarkin Fawa, jikan waɗanda suka ci kan sa har gindin ƙaho. Mudi gagara akushi, dodon masu tsire, wanda ya ci fara da ƙafafunta, ya share ɗanwake kwano uku a zama guda ya miƙe ya hau keke. Mataimakin jami'in gona, wanda ba a taɓa ajiye masa abinci ya tambayi sunansa ba.

A shekarar da ma'aikatarsu ta tura shi ƙasar Japan koyon dashen shinkafa, tare da abokiyar aikinsa Hajiya Kulu, tun a cikin jirgi ya daki ƙirji ya ce, "Hajiya, duk abin da suka sa a faranti, in dai ba alade ba ne, sunansa marigayi." Hajiya Kulu ta adana maganar.

Ranar Laraba bayan azahar, malaminsu, wani dattijo mai fara'a da ake kira Farfesa Morishita, ya gayyace su cin abinci don girmamawa. Nan ne fagen fama. Aka kawo faranti, ga abokiyar gaba a tsakiya ita kaɗai: dunƙulen shinkafa kamar babban yatsa, an naɗa masa baƙin ganye, a bisansa wani abu ruwan ɗorawa yana ƙyalli, da an taɓa tebur sai ya yi rawa. Farfesa ya nuna wata baƙar ƙwallo mai ƙayoyi a cikin ƙanƙara, ya ce cikin Turanci, "Bushiyar teku ke nan, cikinta ne a gabanka. Ɗanye ake ci. Sai babban baƙo muke ba wa."

Kalmar ɗanye ta sauka a zuciyar gwarzo kamar tsawa. Ya nemi mafaka a fiƙihu, ya bi karatun zaure babi babi, sai ya tuna malaminsa ya tabbatar masa duk abin da ke rayuwa a teku halal ne. Wannan ƙofa ta rufe. Ya yi niyyar cewa azumi yake, sai ga kofin shayinsa na biyu a gabansa, babu ko ɗigo. Ga mutuncin ma'aikata, ga sunan Jatau, ga dattijo ya zuba masa ido cikin ƙauna.

"Malam Mudi," in ji Hajiya Kulu, tana cin soyayyen kifinta hankali kwance, "marigayi fa yana jira."

Sai barde ya zare makamansa, wato tsinkaye biyu na katako waɗanda bai taɓa riƙewa ba. A harin farko tsinke ɗaya ya yi ridda, ya tashi sama ya faɗa miyar wani bawan Allah a teburin gefe. A hari na biyu abokiyar gaba ta zame ta kwanta a gefe tana kallonsa. Nan jinin mahauta ya motsa, ya yar da makamin aro, ya naɗe hannun riga, ya kai hannu irin na kakanni.

"Bismillahi! Sai ni ɗan Barau!"

Ya jefa ta baki.

Ya ku masu sauraro, da abin tauna ne da an yi ta ta ƙare, domin haƙoran Mudi ba su taɓa komawa gida da kunya ba. Amma wannan ba ta tsaya an tauna ta ba. Narkewa ta yi, ta malale bisa harshe da sanyi, ta saki rundunarta: ƙarni a gaba, gishiri a dama, wani maiƙo mai zaƙi-zaƙi a hagu, teku gaba ɗayansa a baya. Maƙogwaro ya rufe ƙofa ya ce ba da shi ba. Cikin wannan ƙunci sadauki ya hangi wani ɗan koren curi a gefen faranti, ya zaci miyar kuka ce Allah ya aiko masa gudummawa, ya lakato shi duka ya tura. Ashe yajin mutanen ƙasar ne, wanda ba ya bi ta ciki, ta hanci yake hawa ya tarar da ƙwaƙwalwa. Hawaye suka ɓalle, hula ta karkace, ya riƙe bakin tebur, ya tuno 'ya'yansa ɗaya bayan ɗaya, ya yi kalmar shahada a zuci, ya rufe ido ya haɗiye.

Mudi ya ɗago kai, ido jawur, yana jiran kirari.

Farfesa ya tafa hannu ya ce, "Ka burge ni ƙwarai. Ni shekarata sittin da bakwai, ban taɓa iya haɗiye ta ba. Ko ƙanshinta ba na so."

Hajiya Kulu ta miƙo masa hankici ta ce, "To, yaya ka ji ta?"

"Ba laifi," in ji ɗan Barau, da wata 'yar siririyar murya. "Don Allah tambaye su ko suna da burodi."