Kuɓewar Muna a Kan Fanno

"Lahiya lau, lahiya lau, bar gaisuwar haka nan, tsohuwa. Ina wuta?"

Kailu ko moto, babur ɗinsa, bai kashe ba. Injin niƙansa ya kwana babu man gazuwal, mata sun jera ƙore a bakin rumfa, kuran ɗin Filinge, wato lantarki, ya ɗauke tun safe, wayarsa kuma ta mutu. Direban da ya taho masa da jarka daga Bankuku ya ce in azahar ta yi bai ji kira ba, wani zai sayar wa. Shi ya sa ya sheƙo gidan kakarsa Muna, inda ya kafa mata fanno mai shan rana a kan rufi, yana tara wuta cikin batir.

Ya soka caja. Shiru. Batir ko ƙiftawa bai yi ba.

"Muna, mi kinka yi ma batir?"

"Ji min miji! Ba goro, ba sabulu, sai tambaya kamar jandarma."

Ya ɗaga kai. Fanno shafe yake da yankakkiyar kuɓewa.

"Innalillahi! Shanya kinka yi bisa nai?"

"Awo. Kaji ba su kaiwa, awaki ba su kaiwa, ga zahi kamar tanda. Tun da anka haihe ka, tiren ga kaɗai ka sayo min mai amfani."

"Tire? Ai in bai ga rana ba, ba wuta! Shi ya sa hitilarki ba ta kamawa!"

"Af! Ni na ce rowarka ce ta gada."

"Yau zan sake ki, in auro mai haƙora."

"Wa za ta kwashi mai warin gazuwal? Ni ma haƙuri nike."

Ya jawo tsani, ta cafke masa gefen riga.

"Taɓa min miyar rani ka gani!"

Kailu ya dubi inuwar katanga, ta kusa tsayawa. Ko ya kwashe yanzu, batir ba zai farfaɗo da wuri ba.

"Kaka, don Allah. Mata na jira."

Muna ta kwance bakin zane, ta zaro 'yar wayarta, cike fal da caji.

"Manzo mai janareta ka cika min ita can tasha. Shi ya san darajar mata."

Kailu ya danna lambar da ka. Jarka tana nan, direba ya ce ya zo. Ya sauke numfashi, dariya ta ƙwace masa.

"Na maida aure. Rabin fanno na batir, rabi na kuɓewa."

"Na yarda. Amma Manzo za ni kai ma miyar."