Ɓarawonmu Ɗan Ajin Ƙasa Ne

Jama'a, ranar Talata da rana tsaka aka ɗauke keken ɗinkin uwargida. Ita ta leƙa maƙwabta aron dutsen guga, ni kuma ina can ina tsufa a layin mai. Keken nan shi ke riƙe da tukunyar gidanmu, don haka a guje na isa ofishin kai ƙara.

Jami'in, Allah ya ja zamaninsa, ya gyara tabarau ya buɗe littafi.

"Ya ɓalle ƙofa?"

"A'a, yallaɓai."

"Taga fa?"

"Lafiyarta ƙalau."

"Da dare ne? Da makami?"

"Da rana ne. Mai facin tayar layinmu ya ce har sannu da aiki ɓarawon ya yi masa, keken na bisa kansa."

Ya aje biro ya dube ni da tausayi. Ashe shiga gidan mutane aji-aji ne kamar makaranta. Wanda ya fasa da dare riƙe da makami shi ne ɗan ajin ƙoli, shi ake tayar wa mota. Mai fasawa da rana, hannu wayam, yana biye da shi. Namu kuwa bai fasa komai ba. Sai dai in je in yi haƙuri, za a neme ni.

"To wai ta ina ya shiga?" in ji shi.

"Ta katanga, yallaɓai. Bara waccan yaran Mai Girma Uban Ayyuka suka rushe ta za su ja kwalbati. Kwalbatin bai zo ba, katangar ba ta dawo ba." Na matsa kusa na rage murya. "Ka ga ai laifin ya cika. Ɗaya ya fasa, ɗaya ya ɗauka. A haɗa su fayil guda mana."

Ya rufe littafin a hankali. "Wancan ba fasa gida ba ne, malam. Raya ƙasa ce."

A gida uwargida ta tare ni a bakin ɓarakar. "Ina keken?"

"Doka ta ce ɓarawonki bai ƙware ba."

"To dokar ta zo ta ƙarasa ɗinkin mutane."

Jiya na kira kafinta ya kafa ƙyaure a tsakiyar ɓarakar, na danna kwaɗo, na rataye guduma a gefe. Ana iya wucewa ta dama, ana iya wucewa ta hagu. Amma ɓarawo na gaba, don girman iyayenka, ka ɗan buga kwaɗon nan kafin ka shiga. Mu ma muna so a tayar mana da mota.