Yadda Bakina Ya Tona Ni a Taron Kalgo

Ba zan taɓa mantawa da wata Asabar a Kalgo ba, ranar da aka damƙa mini lasifika don in riƙa ba mutane magana, ni kuma na tona wa kaina asiri da ita a gaban jama'ar garuruwa da yawa. Na ji kunya ranar, ba na musu. Amma mai jiran ya ji na ce na yi nadamar komai da komai, gara ya nemi wurin zama.

A shekarun saba'in ne, ba a daɗe da canja kuɗi zuwa naira ba. Ina ƙaramin malamin firamare a Gwandu, ba mata, ba keke, sai rediyo mai rigar fata da nake ratayawa a kafaɗa. Wanda bai ga zamanin ba, zai yi masa wuya ya gane yadda muka haukace da shirin gaishe-gaishe da wasiƙun masu sauraro. In aka karanta sunanka da hantsi, kafin azahar har mai nama ya san ka. Muna da ƙungiyar masu sauraro, ni ne magatakarda, shugabanmu kuwa Malam Sahabi, wanda kuma shi ne hedimastan makarantar da nake koyarwa.

Malam Sahabi mutumin kirki ne, sai dai katin gaisuwarsa ba ya ƙarewa. Zai gai da iyayensa, da ƙannensu, da surukansa na Malisa ɗaya bayan ɗaya, da wanda ya gyara masa fitila. Kafin a gama da shi lokacin shirin ya tafi, namu katunan sai wani mako. Kowa na gunaguni a bayan idonsa. Ni kuwa ba ni da bakin magana, domin shi ke sa hannu a takardar ƙarin girmana.

Sai na ƙirƙiri mutum. Na sa masa suna Buba Mai Shanu, na ce daga Dalijan yake (ban taɓa taka Dalijan ba a lokacin, sunan ne kawai ya yi mini daɗi a baki). Da hannun hagu nake rubuta wasiƙunsa. A ta farko Buba ya ce: "Idan Malam Sahabi ya fara gaisuwa, nakan saki shanuna su tafi kiwo, in dawo in tarar bai gama da surukansa ba." Mai gabatar da shirin ya karanta, dariya ta ƙwace masa har ya kasa ci gaba.

Daga nan Buba ya zama abin kwatance. Yana da ra'ayi kan mawaƙa, kan tsadar batir, kan masu gai da kansu da kansu. Wasiƙun da nake aikawa da sunana na gaskiya ba mai tunawa da su, na Buba kuwa har haddacewa ake yi. Abin ya riƙa ba ni haushi, ina kishin mutumin da babu shi.

Ana nan sai ƙungiyoyin masu sauraro na yankinmu suka shirya babban taro a Kalgo. Za a yi zaman tattaunawa a gaban jama'a, a zaunar da fitattun masu aika wasiƙa a tebur, su yi muhawara kan ko ya kamata a ƙayyade yawan sunaye a katin gaisuwa. Aka zaɓi Malam Sahabi, da Hajiya Kulu mai sayar da atamfa a Kalgo, da Buba. Ni aka naɗa alƙalin zama, wai na iya tsara magana. Aka kuma miƙa mini takardar gayyatar Buba, tunda na taɓa cika baki na ce na san shi. Na karɓa, na kai ta ɗakina, na sa ƙarƙashin tabarma.

Dabarata mai sauƙi ce. Zan ce Buba ya tafi da shanu kudu, ya aiko da gaisuwa, shi ke nan.

Muka shiga motar katako tun da safe, muka bi ta Birnin Kebbi, muka isa Kalgo rana ta ɗaga. An jera bencuna a filin makaranta ƙarƙashin itatuwan dogon yaro, an haɗa lasifika da batirin mota. Mutane sun zo daga Dangoma da Malisa da wuraren da ban sani ba, kusan kowa da rediyonsa a cinya. Har gidan rediyon ya turo ma'aikacinsa da na'urar ɗaukar magana, don a sa zaman a iska. Na sha farar riga da aka yi wa shuɗi da guga, ga ƙararrawar makaranta a hannuna ta tsayar da mai dogon bayani. Na gabatar da Malam Sahabi, aka tafa. Na gabatar da Hajiya Kulu, mata suka yi guɗa. Na nuna kujera ta uku, na gyara murya, na fara bayanin tafiyar Buba kudu.

Sai wani dattijo ya miƙe daga can baya, dogo, siriri, da malafa da sanda. Bai ɗaga murya ba, amma kowa ya ji shi.

"Ban tahi kudu ba. Ga ni nan."

Ashe akwai Buba a Dalijan. Ashe yana da shanu. Ashe kuma shi kaɗai ne mai rediyo a unguwarsu. Kafin in rufe baki samari sun kewaye shi suna tafi, sun kawo shi gaba sun zaunar a kujerar. Yana ƙoƙarin yin magana, hayaniya ta hana. Ni kuwa gumi ya jiƙa mini riga har shuɗin ya fara sauka a wuyana.

Mai hankali a nan zai ce cikinsa ya murɗa, ya bar fili. Ni sai na kaɗa ƙararrawa na buɗe zama.

Hajiya Kulu ta fara, ta ce suna biyar sun isa kowane kati, wanda danginsa suka fi haka ya je ya gaishe su da ƙafarsa. Aka yi dariya. Na juya ga dattijon, na ce ko Baba yana da abin cewa. Ya ce shi abin da ya kawo shi ke nan. Wata shida ke nan bai huta ba. Wasu na kawo masa goro suna yaba wasiƙunsa, wasu sun daina amsa sallamarsa, har surukin ɗansa, wanda ɗan'uwan matar Malam Sahabi ne, ya aiko masa da magana mai zafi. Shi kuwa allo ya yi, bai san ko baƙi ɗaya na boko ba. Da ya ji a rediyo an sa sunansa a taron ne ya bar kiwonsa ya hau mota, don ya ga mai yin magana da bakinsa.

Jama'a suka ɗauka wani salon barkwancin Buba ne, suka ƙara tafi. Malam Sahabi ne kaɗai bai tafa ba. Ya karɓi lasifika, ya miƙe, ya gyara rawani. Ya ce rashin iya rubutu ba hujja ba ne, ana iya sa wani ya rubuta. Ya ce dattijo da furfura bai kamata ya ɓoye a bayan takarda yana zagin mutane ba. Sannan ya juya ga jama'a ya ce wannan bawan Allah ya rubuta wa duniya cewa shanunsa sun fi surukan Sahabi daraja.

Zan so in ce tausayin dattijon ne ya motsa ni. Na sha faɗin haka a wurare, kuma akwai ɗan ƙamshin gaskiya a ciki, don na ga ba wanda ya tsaya masa. Amma tunda yau na zauna faɗin gaskiya, abin da ya fi ƙona mini rai shi ne yadda aka lalata mini jimla. Kwana biyu na yi ina gyara ta. Ban san lokacin da na fizge lasifikar ba.

"A'a, ranka shi daɗe, ba haka nir rubuta ba. Cewa niy yi nakan saki shanu su tahi kiwo, in dawo..."

A nan na ji muryata ta dawo mini daga bangon ajujuwa. Filin ya yi tsit. Abin da nake ji kawai shi ne faifan na'urar mutumin gidan rediyo yana juyawa. Hajiya Kulu ta sa gefen mayafi ta rufe baki, kafaɗunta na girgiza. Malam Sahabi ya dube ni irin kallon da yake yi wa ɗalibin da aka kama a kan katanga.

"Kai ab Buba?" ya tambaya a hankali.

Na duba hagu, na duba dama, babu ƙofa a fili. Tunda na riga na faɗa ruwa, sai na ga ba amfanin tattare riga. Na ce ni ne, ranka shi daɗe. Na ce na yi wa Baba laifi babba, kuma zan nemi gafararsa a gaban kowa. Amma maganar tsawon kati ba zan janye ta ba, don duk wanda ke filin nan ya faɗe ta a bayan ido, ni ne kawai wawan da ya sayi kan sarki ya aika.

Dariyar da ta tashi har awakin da ke bayan makaranta sai da suka watse. Malam Sahabi ya buɗe baki zai yi magana, ya fara da cewa tun yana yaro a gidan kakansa. Na dubi agogo, na ga minti biyar ɗin da aka ba kowane mai magana, nasa sun cika tun ɗazu. Na ɗaga ƙararrawa na kaɗa masa. (Har yau ban san inda na samo wannan ƙarfin hali ba. Ina jin kunya ce ta yi yawa har ta juye.) Ya tsaya, ya dube ni, ya zauna. Na ci gaba da jan zaman har ƙarshe, aka kaɗa ƙuri'a da ɗaga hannu, aka tsaya a kan suna bakwai.

Da aka tashi, mutumin gidan rediyo ya ja ni gefe ya tambaya ko ya goge wurin. Na ɗaga kai na ce ya bar shi yadda yake. Na ji daɗin wannan amsa har ranar da aka sa shirin, mahaifiyata ta ji a gidan maƙwabta, ta aiko a kira ni.

A motar komowa ba wanda ya zauna kusa da ni, duk da matsin da ake ciki. Ranar Litinin aka sauke ni daga magatakarda. Malam Sahabi bai yi mini faɗa ba ko sau ɗaya. Ya dai mayar da ni aji ɗaya, ya ce tunda ina rubutu da hannu biyu, ni na fi dacewa in koya wa yara riƙe alli. Ƙarin girmana ya makara shekara guda. Na karɓa ban yi ƙorafi ba, ban kuma ba da haƙuri kan wasiƙun ba.

Wurin da na sunkuyar da kai shi ne Dalijan. Na ari keke ranar Juma'a na tafi da ƙwaryar goro. Na tarar da Baba Buba a gindin tsamiya yana tufka igiya. Na durƙusa na faɗi abin da ya kawo ni. Ya sa aka kawo mini fura da nono na sha. Sannan ya tashi ya zaga da ni gida gida, har wurin surukin ɗansa, a kowace ƙofa ina maimaita cewa ni ne na yi, ba shi ba. Da muka gama ya rako ni bakin hanya, ya riƙe kan keken.

"Malam, na yahe maka," in ji shi. "Amma wancan Buban da kaƙ ƙera ya hi ka wayo. Shi ko da anka kira shi taro bai zo ba."

Na yi shekaru ina jan zaman tattaunawa bayan wannan, don abin mamaki sai gayyata ta ƙaru. Abin da na koya bai da yawa. In kana da magana, faɗe ta da sunan da aka raɗa maka, domin kunyar da kake gudu tana nan tana jiranka, kuma ta fi son ranar da ka sa farar riga. In kuma aka ba ka lasifika don ka ba wasu magana, ka ji harshenka yana ƙaiƙayi, ajiye ta ka nemi ruwa ka sha.

Sai dai fa, a bar wa gaskiya wurinta. Abin da Malam Sahabi ya faɗa ranar nan, ba haka na rubuta ba.