Man Kaɗe a Jikin Harsashi

Ba zan taɓa mantawa da wata Asabar ba ko da ina so, don har yau in na ji ƙanshin man kaɗe sai kunnuwana su ɗau zafi.

Lokacin ina tuƙa wani likita ɗan Kano mai asibiti a unguwar Marylebone ta London. Aikin nan shi ne rufin asirina kaf, da albashin da ɗan flat ɗin saman garejinsa, inda na sauke matata da ta iso ba da daɗewa ba. Dakta mutumin kirki ne, amma ba ya ɗaukar shirme. Direban da na gada, a kan ƙarya ɗaya ya sallame shi.

Abin da yake so a duniya shi ne harbi. A zamanin doka ta yarda mai lasin ya riƙe ƙaramar bindiga, kuma suna da kulob a ƙarƙashin gadar jirgin ƙasa, bayan Old Kent Road, inda suke harbin takarda. Harsashin ma da kansa yake haɗawa a gareji, yana aune-aune kamar mai haɗa maganin jariri. Ni kuma da bakina da ba ya zama wuri ɗaya, na ce masa daga gidan maharba na fito, babu abin da ban sani ba a bindiga. (Gaskiyar magana, kawuna ne mai harba-ka-ruga, ni jaka kawai nake riƙe masa.) Tun ranar yake kirana Sarkin Baka.

Ana gobe gasar kulob ya ce in jera masa harsasan a akwati. Jerawa kawai ya ce. Amma na ga sun dushe, sai na tuna kawu ba ya fita daji bai mulke bindigarsa da man kaɗe ba. Ina da gwangwani guda da na sayo a Deptford. Na zauna gindin hita na shafe su ɗaya bayan ɗaya har suna sheƙi, ina jin daɗin kaina. Da safe akwatin ya yi awanni a but ɗin mota, ga sanyin London da kuka sani.

Aka kira Dakta layi. Ya harba ɗaya, tau! Na biyu shiru. Harsashin ya taso daga gidansa ya maƙale a hanya, bindiga ta ƙi rufewa. Ya cire, ya sake. Tau, shiru. Wani tsohon Bature mai kula da wurin ya ɗaga hannu, kowa ya ajiye bindiga.

Aka hau bincike a kan tebur. Suka canza gidan harsashi, abin bai sake zani ba. Tsohon ya ba shi harsashin kamfani, bindiga ta yi ta tafiya sumul. Ke nan laifin na haɗin Dakta ne. Ya fito da ma'auninsa yana gwada tsayinsu, ga safar hannu saboda sanyi, ga gumi a goshi. Na ji tsohon yana cewa in mutum bai iya haɗawa ba, ba za a bar shi ya ƙara shigowa da nasa ba.

Nan ne ya kamata in kama bakina. Sai na ji kaina ina cewa, da ƙarfi kuwa, “Ranka ya daɗe, wannan ba aikin ma'auni ba ne. Ɗaure mata baki aka yi. Akwai wanda ba ya so ka ci gasar nan.”

Har da waiwayawa na kalli Mumuni, wani ɗan Ghana ma'aikacin jinya, shi kaɗai ne baƙar fata ban da mu.

“Ni kake dubawa, Sarkin Baka?” in ji Mumuni. Ya matso ya ɗauki harsashi ɗaya da hannunsa tsirara. Ya murza. Ya duba yatsunsa. Wani farin abu ya daskare a gindin, duk ƙura da zaren tsumma sun manne. Ya kai hanci, sai ya tuntsire da dariya har yana dukan tebur.

“Dakta, wannan man kaɗe ne! Matana yana shafa shi a ƙafa kullum!”

Dakta ya cire safar ya sunsuna. Ya juyo ya dube ni. Tsohon na ta tambaya mene ne, kuma dole likita guda, da digirorinsa, ya tsaya yana yi wa Turawa bayanin man kaɗe. Ashe a gida rana ce ke narkar da shi. A nan ya koma kamar kyandir. Tsohon bai yi dariya ba, ya ce maiƙo a jikin harsashi na iya jawo haɗari, ya kwashe akwatin duka. Gasa ta wuce Dakta. Ni kuwa da ƙasa za ta tsage, da na gode mata.

A hanyar gida muka shiga go-slow a bayan bas. Ina tuƙi ina lissafin yadda zan gaya wa matata ta fara ɗaure kaya. Can dai na ce, “Ranka ya daɗe, ni fa ban taɓa harba bindiga ba. Ko sau ɗaya.”

“Na sani tun satin farko,” ya ce. “Kai da ke toshe kunne tun muna parking.”

Sai na ga kafaɗarsa na rawa ta madubi, ashe dariya yake. Ya ce abin da ya fi damunsa a can shi ne ko hannunsa ne ya fara kuskuren awo, alhali jibi yana da tiyata. Yanzu hankalinsa ya kwanta. “Gobe za ka je ka ba Mumuni haƙuri. Garejin kuma, mota kaɗai za ka riƙa taɓawa.”

Na je na ba shi. Mumuni ya sa na ci waken gidansa kafin ya yafe, kuma shi ne ya zama babban abokina a garin nan. Dakta na ci gaba da tuƙa shi har ya yi ritaya.

Sai da na haura arba'in na koyi faɗin “ban sani ba”. Yanzu kuwa na ƙware, har matata na cewa na fara wuce gona da iri.